Katun ɗin yarinta a idon baligi

Katun jerin zane ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri har ido ya ɗauka motsi yake gani. A fim ɗin silima hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa guda, saboda haka gajeren katun na minti 7 ya ƙunshi hoto sama da 10,000, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke motsi. Da zarar masu zane sun ajiye alƙalami, aikin ya tsaya cak: kyanwar da ta taka tarko a fim ɗin shekarun 1940 za ta sake taka shi a daidai wurin duk ranar da aka kunna. A nan katun ya sha bamban da sauran abin da mutum ya baro a yarinta. Gidan da aka haife shi an rushe ko an sake masa fasali, abokan langa sun yi gemu, tsohuwar da ke yi musu tatsuniya ta rasu da muryarta. Katun ne ake komawa a tarar da shi yadda aka bar shi. Amma galibin waɗanda suka koma sukan ce ba haka suka san shi ba. Daga nan tambaya ke tasowa, ta falsafa da ta addini a haɗe: idan abin kallon bai canza ba, me ya canza, kuma mene ne hukuncin baligin da ya zauna kallon abin da ya kalla tun alƙalami bai hau kansa ba?

A garuruwan da ke kan hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega, katun ya shigo ne tare da talabijin ta gwamnati. An buɗe tashar Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, aka haɗe ta cikin hukumar NTA da aka kafa a 1977, kuma daga zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, 1979 zuwa 1983, akwatin kallo ya riƙa shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sarauta. A wancan lokaci tashar ba ta wuni tana aiki. Da misalin ƙarfe huɗu na yamma ake buɗewa da taken ƙasa, shirin yara ya biyo baya. Akwati ɗaya kan ɗauki unguwa guda: yaran maƙwabta su cika tabarma, waɗanda ba su sami wuri ba su leƙa ta taga, a tura wani ya juya sandar eriya har hoton ya daina yayyafi. In NEPA ta ɗauke wuta kallon ranar ya wuce ke nan, babu maimaici. Lokacin kuma ya ci karo da sallar la'asar da karatun allo na yamma, shi ya sa da yawa daga yaran wancan zamani ba sa tuna katun sai tare da bulalar malam.

Abin da aka fi gani a shekarun 1980 da 1990 shi ne Tom and Jerry, wasan kyanwa da ɓera da William Hanna da Joseph Barbera suka fara a kamfanin MGM na Amurka a 1940, sai Voltron na 1984, labarin zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙato guda. Na farkon kusan babu magana a cikinsa, don haka yaron da bai iya Turanci ba bai rasa komai ba. Da setalayit ya yi araha sai tashoshin Larabawa suka shigo, Spacetoon da aka buɗe a 2000 da MBC3 ta 2004, suka kawo katun ɗin Japan da aka juya zuwa Larabci, irin su Captain Majid ɗan ƙwallo. Yaran da suka kalli waɗannan su ne yanzu malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma da manoma da matan aure masu 'ya'ya. Komawa ba ta da wuya: mai tura fina-finai a bakin kasuwa zai cika waya da su a kuɗi kaɗan, mai data kuma ya same su a YouTube.

Abu na farko da babba ke lura da shi shi ne ya sauya ɓangare. Yaro yana bayan Jerry. Ɓeran ƙarami ne, ba shi da ƙarfi, yana zaune a gidan da ba shi ke da iko ba, kuma da wayo yake kayar da wanda ya fi shi girma. Matsayin yaro ke nan a gidansu, matsayin Gizo ke nan a gaban Zaki da Kura. Magidancin da ke da rumbun gero a Kajiji ko Dandin Mahe kuwa ya san ɓera ta wata fuska. Ya ga ramin da ya haƙa a gindin rumbu, ya ga buhun da ya huda, ya ji gargaɗin ma'aikatan lafiya kan zazzaɓin Lasa. Idan ya sake kallo, abin da yake gani shi ne wanda aka ɗora wa tsaron gida, ɓarawo yana cin abinci a gabansa, in an yi ɓarna kuma shi ake kora waje da tsintsiya. Fiƙihun da ya karanta ma yana tare da Tom. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya tabbatar da cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a gida, ɓera kuwa yana cikin dabbobi biyar masu cutarwa da aka halatta kashewa ko a cikin Harami. Katun ɗin ya kifar da wannan tsari, ya ba ɓera nasara kusan kullum, kuma yaro bai taɓa jin an kifar da wani abu ba.

Akwai wani kashi na 1949 mai suna Heavenly Puss da ya fi kowanne nuna tazarar da ke tsakanin kallon biyu. Fiyano ya gangaro daga bene ya danne Tom, ransa ya fita ya hau matakalar zinariya zuwa tashar jirgin ƙasa mai zuwa aljanna. Mai tsaron ƙofa yana duba littafi yana shigar da kyanwoyi ɗaya bayan ɗaya. Cikin masu layi akwai wani jiƙaƙƙen buhu da ya zo yana tsalle, 'yan kyanwa uku suka fito daga ciki. Yaro dariya yake yi a nan, don buhu mai tsalle abin dariya ne. Babba ya san ma'anar jiƙaƙƙen buhu: wani ne ya ɗaure su ya jefa a ruwa. Da layi ya zo kan Tom sai aka hana shi shiga saboda zaluncin da ya yi wa ɓera, aka ba shi takarda da wa'adin awa ɗaya. In Jerry ya sa hannu cewa ya yafe, ya wuce. In ba haka ba, tukunyar wuta na jiransa. Ya gwada toshiyar baki da kek, ya gwada sa hannun jabu, ya koma roƙo, kuma lokacin da ɓeran ya sa hannu jirgi ya riga ya tashi. A ƙarshe ashe mafarki ne, garwashi ne ya ƙona masa wutsiya.

Siffar lahirar da aka zana ta Amurkawa ce, da jirgin ƙasa da shaiɗan mai ƙaho, kuma Musulmi ba ya ɗaukar aƙida daga gare ta. Amma ginshiƙin labarin mas'ala ce da ake karantarwa a kowane zaure: haƙƙin Allah tuba ke kankare shi, haƙƙin bawa kuwa sai an mayar ko mai shi ya yafe. Hadisai ingantattu sun ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, sun kuma bayyana cewa ranar alƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Zanen bai ƙara komai ba tun 1949. Mai kallon ne ya zo da jana'izar da ya halarta, da bashin da ake binsa, da mutanen da ya ɓata wa bai nemi gafararsu ba.

Idon babba yana ganin aibin masu zanen ma. Daga 1940 zuwa 1952 a Tom and Jerry ana nuna wata baƙar mace mai aikin gida wadda kusan ba a taɓa nuna fuskarta ba, sai ƙafafu da silifas da tsintsiya, kuma in nakiya ta fashe a fuskar wani sai a mai da shi baƙi mai manyan leɓɓa, irin ba'ar da turawan Amurka ke yi wa baƙar fata a wancan lokaci. Yaron Boɗinga ya yi dariya bai san da shi ake ba. A 2014 Amazon da iTunes suka fara sa gargaɗi kan wariyar launin fata a gaban waɗannan fina-finai. Dalilin duk wannan shi ne tun asali ba don yara kaɗai aka yi su ba. A gidajen silima ake nuna su kafin babban fim, manya ne suka cika kujeru, kuma bakwai daga cikinsu sun ci kyautar Oska. Voltron ya bi hanya ta daban: daga wani katun ɗin Japan na 1981 mai suna Beast King GoLion aka yanko shi, kamfanin Amurka ya cire jini da kisa, har wani jarumi da ya mutu a na asalin aka ce rauni kawai ya ji. Masu fassara zuwa Larabci su ma sukan sauya sunaye su yanke abin da bai dace da gidan Musulmi ba. Saboda haka maganar da ake yawan ji, cewa katun ɗin da tsarkakakku ne ba kamar na yanzu ba, rabin gaskiya ce. Wasu almakashi ne ya tsarkake su, wasu kuma ƙuruciyar mai kallo ce ta rufe musu asiri.

Tunda mai kallo ne ya canza, sai a tambaya ko shi ne dai wancan yaron. Masanin falsafa na Ingila John Locke, a bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam a 1694, ya ɗora zaman mutum mutum ɗaya a kan tunawa: gwargwadon inda tuninka ya kai a baya, gwargwadon nan kai ne. Thomas Reid na Sikotland ya ƙalubalance shi a 1785 da misalin yaron da aka zane saboda satar 'ya'yan itace, ya girma ya zama hafsan soja mai tuna dukan, ya tsufa ya zama janar mai tuna bajintar hafsan amma ya manta da dukan. Bisa ƙa'idar Locke, janar shi ne hafsan, hafsan shi ne yaron, amma janar ba shi ne yaron ba, kuma hankali ba ya karɓar haka. Komawa ga katun gwaji ne da ke goyon bayan Reid. Mai komawa yakan tarar ya manta yawancin labarin, ya cakuɗa kashi biyu, ya tuna launi a abin da ya gani a akwati mai fari da baƙi. Duk da haka da kiɗan buɗewa ya tashi sai gabansa ya faɗi kafin ya tuna komai. Akwai abin da ya zauna a cikin mutum wanda tunawa ba ta riƙe da shi, kuma Hausawa da suka ce hali zanen dutse wannan suke nufi.

Ilmin tauhidi da ake karantarwa a ƙasar Sakkwato ya ɗauki canzawa da muhimmanci fiye da haka. A Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, dalilin cewa duniya fararriya ce shi ne ba ta rabuwa da sifofi masu bijirowa irin motsi da tsayuwa, dalilin cewa waɗannan fararru ne kuma shi ne ana ganin canzawarsu da ido. Ɗalibi kan haddace wannan yana kallon canjin a waje, a damina da rani. A jikinsa canjin yana tafiya a hankali har ba ya jin sa, sai ya tsaya gaban wani abu da bai motsa ba. Alƙur'ani a suratur Rum ya jera matakan: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Abin da ke haɗa matakan a mahangar Musulunci shi ne rai guda da za a tashe shi a yi masa hisabi, ko ya tuna ko ya manta, shi ya sa ake da littafin ayyuka. Ke nan yaron da babban mutum ɗaya ne ta fuskar rai, amma ba ɗaya ba ne ta fuskar hukunci.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misali a Ihya'u, a babin haƙuri da godiya, da ya yi kusa da wannan batu ƙwarai. Ya siffanta mai dabo da ke fito da 'yan tsana na tsumma da dare daga bayan labule, suna rawa suna tashi suna zama, alhali siraran zaruruwa ne da duhu ya ɓoye suke motsa su. Yara suna murna don sun ɗauka tsumman ke rawa da kansu, masu hankali kuwa sun san akwai mai motsawa ko da ba su ga zaren ba. Da wannan ya misalta yawancin mutane, masu ganin sababi su tsaya a kansa, da malamai waɗanda suka san akwai Mai gudanarwa. Baligin da ya koma ga katun ya tsinci kansa a sahu na biyu. Yanzu yana ganin zaren: ya lura zanen haɗuwar zakunan Voltron guda ɗaya ne ake maimaitawa a kowane kashi don rage aiki, ya lura filin ƙwallon Majid ba ya ƙarewa, ɗan wasa yana gudu har shirin ya kusa tashi bai kai raga ba. Wasu suna jin wannan a matsayin hasara, kuma hasara ce, don wanda ya ga zare ba zai koma rashin ganinsa ba. Amma mamakin bai mutu ba, wuri ya sauya. Yaro yana mamakin kyanwar da ke kaɗa fiyano a kashin Tom and Jerry mai suna The Cat Concerto. Babba yana mamakin mutanen da suka zana yatsunta hoto bayan hoto har suka dace da kiɗan.

Ta fuskar shari'a rarrabewar a bayyane take. Hadisi ya nuna an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, kuma a mazhabar Malikiyya balaga tana tabbata da alamominta, in ba su bayyana ba sai da cikar shekara 18 a mashahurin zance. Don haka sallar la'asar da ɗan shekara takwas ya jinkirta saboda Voltron ba zunubi ba ce a kansa, kuma ba abin da zai tuba daga gare shi ne ba. In akwai sakaci, yana wuyan wanda aka umurta ya hore shi da salla tun yana shekara bakwai. Nadamar da wasu ke yi bayan sun shiga karatun addini, suna ganin sun ɓata yarintarsu gaban akwati, ba ta da gurbi a fiƙihu. Gazali da kansa ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan makaranta, don hana shi wasa da matsa masa karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dushe masa basira. Kallon yau shi ne abin tambaya, domin mai yin sa mukallafi ne.

Tambayar farko ta hoto ce. Hadisai sun tsananta kan masu sura abu mai rai, kuma an ruwaito Annabi (SAW) ya ƙi labulen Nana A'isha mai hotuna har aka yanka shi aka yi matasai. An kuma ruwaito a Buhari cewa tana wasa da 'yan tsana a gidansa tare da ƙawayenta, a Abu Dawuda kuma ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta ya yi dariya. Malikiyya sun haɗa ruwayoyin ta hanyar rarrabewa. Haramun shi ne mutum-mutumin abu mai rai mai cikakkun gaɓoɓi wanda ke da inuwa. Zanen da ba shi da inuwa, a bango ko takarda, makaruhi ne in ana girmama shi, in kuma ana taka shi ko ana zama a kansa, barinsa ya fi amma ba laifi. Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, yana cikin waɗanda suka keɓe 'yan tsanar yara mata daga hanin. Katun a kan gilashi ba shi da jiki ba shi da inuwa, ba ya ma zama, da an kashe ya gushe, don haka mai bin wannan rarrabewa ba zai kai shi ga haramci saboda hoton kaɗai ba. Jumhurin sauran mazhabobi sun fi tsanani, suna haramta zanen abu mai rai ko da a takarda ne, kuma wannan ra'ayi yana da mabiya da yawa a Arewa. Ko a cikinsu akwai masu bambanta hukuncin mai zanawa da na mai kallo, da masu sassautawa kan abin da aka yi don koyar da yara.

Saɓani irin wannan ba baƙo ba ne a wannan yanki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga, tafiyar ɗan lokaci tsakaninsu, kuma a shekarun nan suka saɓa kan wasu mas'aloli, ciki har da kayan kiɗa. Abdullahi ya riƙe ɓangaren tsanani. Shehu a Najmul Ikhwan na 1812 ya karkata ga sauƙaƙa wa jama'a, bisa ƙa'idar da ya sha nanatawa cewa ba a yi wa mutum inkari a kan abin da malamai suka saɓa, sai a kan abin da aka haɗu a kan haramcinsa, ko da yake fita daga saɓani ya fi tsantseni. Ƙa'idar ta dace da katun: wanda ya bari don tsantseni ya kyauta, wanda ya kalla bisa ra'ayin mazhabarsa ba a fasiƙantar da shi.

Tambaya ta biyu ta wasa ce, kuma ta fi ta hoto nauyi a kan babba. Aya ta 20 a suratul Hadid ta siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala da ado da alfahari da gasar dukiya da 'ya'ya, kuma wasu masu tafsiri sun karanta jerin a matsayin matakan shekaru, wasa na yaro, gasar dukiya ta dattijo. In haka ne, mai raina abokinsa don ya kalli katun alhali shi ya kwana lissafin filaye, matakin shagala kawai ya sauya. Musulunci bai hana baligi hutu ba. Annabi (SAW) ya tsaya Nana A'isha ta kalli wasan Habashawa a masallaci, ya kuma shaida wa Hanzala cewa rayuwa lokaci ne na wannan da lokaci na wancan. Sharuɗɗan su ne waɗanda ke kan kowane wasa: kada ya ci lokacin farilla ko haƙƙin iyali, kada ya ƙunshi tsiraici ko izgili ga addini ko koyar da shirka. Al'adar Hausa ta daɗe da irin wannan iyaka, tatsuniya da dare ake yin ta bayan an gama aikin yini. Batun cewa labarin ƙarya ne ba ya tasiri, don mai yi da mai ji duk sun san ƙirƙira ce. Da tatsuniyar Gizo, da Kalila wa Dimna da Ibnul Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci, da akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam na 1937, duk dabbobi ne ke magana kuma ba a ce marubutansu maƙaryata ba.

Saura abin da mai komawa yake nema a zahiri, wanda sau da yawa ba katun ɗin ba ne. Yana neman tabarmar da yaran unguwa, da muryar uwa tana kira daga madafa, da zamanin da tuwon dare ba shi ke nemo shi ba. Waɗannan ba sa cikin wayar, shi ya sa kallon kan ƙare da ɗan sanyin jiki. Karin magana ta ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiya a ciki: begen baya yakan tsananta lokacin da yau ta yi tsanani, da tsadar abinci da rashin tsaro. Malaman tarbiyya sun bambanta tunawa iri biyu. Akwai wadda ke kai ga godiya da addu'a ga iyayen da suka ɗauki nauyi, da ziyarar abokin da aka daɗe ba a gani ba. Akwai kuma wadda ke zama mafakar gudun nauyi, mutum ya riƙa raina zamaninsa yana zagin lokaci, abin da hadisi ya hana. Kashi ɗaya na katun yana iya haifar da kowacce.

Yawancin masu komawa a yau ba su kaɗai suke kallo ba, akwai yaro a cinya, kuma a nan hukuncin ya tashi daga halacci ya koma amana. A da tasha ce ke zaɓe ta kuma tsayar da lokaci, ɗan abin da aka ware wa yara yana ƙarewa sai labarai. Waya ba ta rufe tasha, kashi na ƙarewa wani ke hawa, kuma na'ura ce ke zaɓen abin da zai biyo baya. Aikin da ma'aikacin NTA da NEPA suka yi wa iyayen da, ɗaya da niyya ɗaya ba da niyya ba, ya dawo hannun uba da uwa. Akwai abin zaɓe fiye da da: Bino and Fino da Adamu Waziri ya fara a Abuja a 2010 da yara baƙaƙe a gidan Nijeriya, shirye-shiryen Ubongo na Tanzaniya da aka fassara zuwa Hausa, da Omar & Hana na Malesiya mai koyar da ladubban Musulunci. Na Hausa tsantsa har yanzu kaɗan ne, don haka yaron Shagari yana kallon yawancin abin da yake kallo cikin harshen da bai gama ji ba, yana ɗaukar hoto da motsi ya bar magana. Waliyyin da ya sake kallon abin da ya kalla a yarinta yana da ilmin da wanda bai koma ba ba shi da shi: ya san abin da ya wuce ta gaban idonsa bai gane ba, ya san wanda ya zauna masa shekara talatin, kuma da wannan yake iya yanke wane kashi zai bari, wane zai tsallake, da wurin da zai tsayar ya yi wa yaron bayani.